Madubai Goma Sha Biyu da Sawun Baro

Ranar Litinin da ƙarfe bakwai da rabi na safe, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje na Tsangayar Kimiyya ya buɗe sito ya tarar da kantoci biyu wayam. Madubin likita goma sha biyu, irin wanda ake leƙa ƙwayar cuta da shi, kowanne a cikin akwatinsa na katako, ko ɗaya babu. Kwaɗo yana rataye lafiya lau, taga ba wanda ya taɓa ta. Mutumin nan, wanda ɗalibai ke kira Malam Kwalba, bai yi shawara da kowa ba. Ya fito baranda ya ɗora hannu a ka yana salati, kafin ƙarfe takwas har masu sayar da ruwa a bakin ƙofar jami'a sun ji labari.

Ni mai gadi ne. Shekarata goma sha tara a jami'ar nan, kuma matakin albashina yana nan inda aka ajiye shi ranar da na zo. Kafin in sa kaki na yi shekara ashirin ina bin sawun shanun sata tare da mahaifina, shi ya sa ake ce mini Mai Sawu. In abu ya ɓata a tuna da ni, in ana rabon kayan ƙarshen shekara a manta yadda ake rubuta sunana. Na saba.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne madubai ba namu ba ne. A makon nan 'yan tantancewa suna cikin jami'a, wato tawagar da hukuma ke turowa duk shekara biyar ta duba ko kowace tsangaya tana da kayan koyarwa. Kowa ya san yadda ake tarbar su. A yi fenti, a aro littattafai a cika kantoci, a aro labule. Madubin da Tsangayar Kimiyya ta mallaka uku ne, ɗaya ma ya makance. Sai aka aro goma sha biyu daga wata kwalejin kiwon lafiya da ke bayan katangarmu, aka liƙa musu tambarinmu, 'yan tantancewa suka ƙirga ranar Juma'a suka gyaɗa kai. Wadda ta sa hannu a takardar aro ita ce Mataimakiyar Shugaban Tsangaya.

Kafin rana ta yi zafi jama'a sun gama shari'a. Wasu suka ce Malam Kwalba ne. Mafi yawa suka ce ita ce, ai makulli yana hannunta, kuma an ga ta sayar da motarta a bara.

*

Ofishinta yana ƙarƙashin bene, da can ɗakin ajiye tsintsiya ne. Fanka ɗaya ce a sama, ba ta juyawa sai an tura ta da sanda. Na same ta tsakanin tarin takardu har kafaɗa, mace gajera mai gilashi, ba ta kuka, ba ta kuma da niyyar yi.

"Baba, zauna," ta ce, ta kwashe fayiloli daga kan kujerar baƙi. Ta nuna mini wata takarda. "Ta tuhuma ce. Gobe ƙarfe goma in bayyana gaban kwamiti in faɗi inda na kai kayan. In ban faɗa ba a dakatar da ni, a riƙa yankar albashina."

"Wa ya sa hannu, Dakta?"

"Farfesa. Tun Juma'a ya tafi buɗe taro, da safen nan ya dawo. Kafin ya sha ruwa ya sa hannu."

Farfesa shi ne Shugaban Tsangaya. Na tambaye ta me ya sa ba shi ya karɓo aron ba.

"Shi da ba ya zama? Jadawalin darasi ni. Jadawalin jarrabawa ni. Ɗalibin da aka kama da satar amsa ni, malamin da bai shiga aji ba ni, banɗakin mata ya toshe ni. Ga kwas huɗu da nake koyarwa, ba a rage mini ko ɗaya ba. Ka san nawa ne alawus ɗin mataimaki?"

"Ban sani ba."

"Bai cika mini tankin mota ba, lokacin da nake da motar. Farfesa yana da mota da direba da masinja da sakatariya, alawus ɗinsa ya ninka nawa sau goma sha ɗaya. Na zauna na lissafa, in da alawus ɗina za a biya madubin nan, sai dai jikata ta ƙarasa."

Ta yi dariya, amma ba ta kai zuci ba. Sai ta cire gilashi ta goge.

"Kuɗin ba shi ya dame ni ba, Baba. Ɗazu mahaifiyata ta kira ni. Maƙwabciya ta je har ɗaki ta gaya mata wai 'yarta ta sayar da kayan asibiti. Shekararta saba'in da takwas. Shekara shida ina wannan bauta, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Sunana nake so a wanke, kuma a gaban mutanen da suka ji an ɓata shi."

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na tambayi makullai. Uku ne: nata, na Malam Kwalba, da na Farfesa, wanda ya ce nasa yana cikin aljihun teburinsa tun bara. Na tambayi 'yan kwamiti. Magatakardan jami'a, Farfesa, shugabanmu na tsaro da muke kira Oga, sai mai rubuta bayanin taro, mataimakin shugaban Tsangayar Noma.

"Dakta Kwamiti," ta ce. "Kwamiti goma sha ɗaya yake ciki, da nawa goma sha biyu. Duk aikin da shugabanni ba sa so, kan mataimaka yake sauka."

*

Gaban tsangaya an riga an tattake, ko raƙumi ne ya wuce ba za a gane ba. Na zagaya baya, inda ƙofar sito ke kallon wani fili mai jan ƙasa.

An yi ruwa ranar Lahadi har wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Sawun da na gani yana saman tabon ɗigon ruwa, ke nan bayan an ɗauke aka yi shi. Tayar baro ce. Zuwa uku, komawa uku, mai nauyi a fita, sakayau a dawowa. Akwati huɗu-huɗu ke nan.

Na tsuguna na daɗe. Mai turawa takalmi sau-ciki ya sa, mai santsin ƙasa, irin na masu zaman ofis. Ya kewaye kowane rami, inda akwai dutse ya rage tafiya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ramuka biyu ƙanana gefe da gefe, inda ƙafafun baro suka nutse a ƙasa. Na ƙirga taku. Duk taku ashirin sai ya ajiye ya huta. A zuwa na uku ya koma taku goma sha biyu.

Sawun ya tafi har bakin kwalta ya ɓace. A nan titi ya rabu biyu, dama ta nufi babbar ƙofa, hagu ta shiga cikin jami'a. Samarin gadi da suka biyo ni duk suka kalli dama.

*

Malam Kwalba yana tsare a ɗakinmu na gadi, ya yi zuru-zuru. Mai shara ta ce ta gan shi ranar Lahadi da yamma yana fita da kwali a ka.

"Mene ne a kwalin?" na tambaye shi.

Ya kalli ƙofa, ya rage murya. "Kwalabe ne, Baba."

"Na me?"

"Na sinadarai. Ai babu sinadaran. Ruwa na zuba na sa kala, ja da shuɗi da ɗorawa, na jera wa 'yan tantancewa. Da suka wuce sai na ji tsoro kada wani ɗalibi ya ɗauka da gaske ya yi gwaji da shi. Na kai gida na wanke."

"Ka shiga sito?"

"Wallahi ko kallon ƙofar ban yi ba. Da na san abin da zai biyo baya, da na ga wayam ɗin nan sai in ja bakina in yi shiru."

Na ce ya miƙe ya taka zuwa bango. Silifa ce a ƙafarsa, ƙafar ta kai faranti, ta hagu tana fita waje. Da zai sa takalmin da na gani a jan ƙasa, sai an yanke masa yatsu.

*

Baro ɗaya ne a wannan ɓangaren, na leburorin da ke gina sabon ɗakin karatu. Oga ya riga ni isa, yana ta zare musu ido, ya ce zai kwashe su gaba ɗaya.

Shugaban leburori, wani dattijo mai furfurar siminti, ya ja ni gefe.

"Malam, Asabar mun bar baron nan kife da busasshen kwaɓi a ciki. Da safen nan muka same shi an wanke shi tas, an jingine shi a tsaye, har da tsohon labule a ninke a ciki. Tunda nake ban taɓa jin ɓarawo mai wanki ba."

Na duba tayar, ita ce, har da facin da ke gefe. Na roƙi ɗaya daga cikinsu ya ɗora buhun siminti uku ya tura mini. Ya tura har ƙarshen gini ya dawo yana fito, bai ajiye ko sau ɗaya ba. Akwati huɗu na madubi ba su kai nauyin buhu ɗaya ba.

"Yallaɓai, ba su ba ne," na ce wa Oga. "Wanda ya yi aikin nan bai taɓa riƙe baro ba sai ranar."

Oga ya kira ni bayan tarin bulo. Tsohon ɗan sanda ne, cikinsa yana riga shi shiga ɗaki.

"Mai Sawu, sawu ya hau kwalta ya fita ƙofa. Haka za ka faɗa in an tambaye ka."

"Ban ga haka ba, yallaɓai."

"To ka gani yanzu. An bugo mini waya daga sama. Kada wanda ya ƙara tona komai sai 'yan tantancewa sun tafi ranar Laraba."

"Kwamiti kuma gobe Talata ne."

"Wannan ba ruwanka."

"Da safe kai ka ce in bi sawu. Mahaifina bai koya mini tsayawa a tsakiya ba."

Ya ce in maimaita. Na maimaita, na ƙara da yallaɓai a ƙarshe don kada a ce ba ni da ladabi.

*

Na je gida cin abincin rana. Ɗaki biyu ne a rukunin ƙananan ma'aikata, rufin na ciki yana yoyo daidai kan keken ɗinkin mai ɗakina, kullum sai ta lulluɓe shi da leda. Ta riga ta ji komai a bakin famfo.

"Malam, saura shekara biyu ka yi ritaya," ta ce tana zuba mini ruwa. "Shekara goma sha tara ba wanda ya san da kai. Sai yanzu za ka yi suna?"

"Matar nan ba ta ɗauki komai ba."

"'Yarka ce?"

"Da 'yata ce ai da tuni na ɓalle ƙofar Farfesa."

Ta kalle ni. Shekara talatin da huɗu muna tare, ta san lokacin da magana ba za ta shiga ba.

"To ci ka ƙoshi tukuna. Kuma in za ka tsaya gaban manya gobe, kawo rigar nan in ɗinke maɓallin. Kada su ce maƙaryaci ne kuma ƙazami."

*

Na jira la'asar. Idan rana ta karkata, ko ƙwayar yashi tana yin inuwa. Na tsaya inda sawun ya hau kwalta, na ce a raina, mutumin da ke hutawa duk taku ashirin a kan ƙasa ba zai zama jarumi ba don ya hau titi. Dole ya ci gaba da ajiyewa, kuma ƙafafun baro suna ɗauke da jan laka.

Na juya dama wajen babbar ƙofa. Taku ashirin, ba komai. Arba'in, ba komai. Na je har sittin na dawo.

Na juya hagu. A taku na goma sha tara, a gefen titi inda motoci ba sa takawa, ga ɗigo biyu na busasshiyar jan laka, tazararsu kamu biyu. Na ƙara ashirin, ga su kuma. Da lakar ta ƙare sai ƙarfen ya riƙa barin ƙarcewa a kan siminti. Na bi su na wuce ɗakin karatu, na wuce wurin ajiye motocin manya, wasu ɗalibai suna dariya suna cewa tsoho ya yar da kuɗinsa.

Alamar ƙarshe tana bakin ƙofar baya ta ɗakin gwaje-gwaje na Tsangayar Noma. Ƙofar a kulle, tagogi an rufe su da sababbin labule. A jikin allon sanarwa an liƙa cewa 'yan tantancewa za su ziyarci wannan tsangaya ranar Laraba da safe.

Na san inda kayan suke. Hannun da ya tura su ne ya rage, kuma ba na son in kira sunan mutum ban gani da idona ba. Na koma na gaya wa Mataimakiya ta sa ni cikin shaidunta.

*

Ɗakin taron tsangaya yana da dogon teburi da hotunan tsofaffin shugabanni a jere, babu hoton mataimaki ko ɗaya. Magatakarda yana kan gaba. Farfesa yana damansa, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin. Oga yana hagu, sai Dakta Kwamiti a ƙarshen teburi, siririn mutum mai yawan sunkuyar da kai, littafi a buɗe gabansa. An kawo Malam Kwalba da shugaban leburori an tsayar da su jikin bango. Mataimakiya ta zauna ita kaɗai a ɗaya gefen.

Da na shiga Oga ya harare ni. Na yi kamar ban gani ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gaisuwa da hannu biyu, irin ta talaka. Magatakarda ya ba ni hannu. Farfesa ya ba ni yatsu uku. Da na iso kan Dakta Kwamiti sai ya dunƙule hannu ya miƙo mini wuyansa.

Magatakarda ya ce in faɗi abin da na gani, a taƙaice. Na faɗi ruwan Lahadi, na faɗi baro da aka wanke, na faɗi takalmi sau-ciki da hutu duk taku ashirin.

"Ranka ya daɗe, ɓarawo ba ya zuwa sau uku da rana tsaka, ba ya shimfiɗa labule don kada kaya su bugu. Wannan mutum ne da aka aika. Kuma hannun da ya saba da biro, in ya tura ƙarfe zuwa uku har Tsangayar Noma, sai ya nuna."

Na juya ƙarshen teburi.

"Dakta, tun ɗazu nake ganin ka riƙe biro da kan yatsu. Don Allah buɗe mana tafinka."

Bai yi gardama ba. Ina jin ya gaji da dunƙulewa ne. Ya ajiye biro ya shimfiɗa hannu biyu a kan littafin. A gindin kowane yatsa bororo ne ya fashe, naman ja wur.

"Ni ne," ya ce, bai ɗago ba. "Madubinmu biyu ne, ana son fiye da goma. Shugabana ya yi magana da Farfesa. Ranar Juma'a a wurin ajiye motoci Farfesa ya ba ni makulli, ya ce kada in gaya wa Mataimakiyarsa, ba za ta yarda ba. Alhamis za a mayar."

"Me ya sa da baro?" in ji Magatakarda.

"Motar tsangaya Shugabana ya tafi da ita garinsu. Masinja nasa ne, direba nasa ne. Ni me nake da shi, ranka ya daɗe? Na ga in na kira leburori magana za ta fita." Ya juya wajen Mataimakiya. "Jiya da na ji an ba ki takarda na je wurin Shugabana. Ya ce in na buɗe baki kafin Laraba, ni na kashe tsangaya. Sai kuma aka aiko mini in zo in rubuta bayanin shari'arki. Ki yafe mini."

Shugaban leburori ya ce a hankali, "Allah ya saka da wankin baro."

Farfesa bai ji kunya ba, wannan ne ya fi ba ni haushi. Ya gyara zama ya yi murmushi irin na uba.

"Dakta, ki fahimta. Na dawo na tarar Malam Kwalba ya tara jama'a, baƙi suna masauki. Me kike so in ce? In ce kayan da suka ƙirga nan mun tura su can su sake ƙirgawa? Takarda ce kawai. Da sun tafi a janye."

"Takarda ce kawai," ta ce.

"Don jami'a aka yi."

"Da ka ce an ɗauke su gyara. Da ka ce kai ka ba da izini. Hanya goma ce a gabanka, ranka ya daɗe, ka zaɓi wadda ta bi ta kaina, don ka san mataimaki ba ya magana."

Magatakarda ya shiga tsakani. Ya ce ranar Alhamis za a cire takardar daga fayil ɗinta, ba wanda zai sake tayar da zancen. Ya ce ma ana duba batun ƙara wa mataimaka alawus, zai sa baki.

"Shekara shida ana dubawa," ta ce. "Ba ƙari na zo nema ba. A rubuta yau a liƙa a allon sanarwa: kayan suna Tsangayar Noma, Farfesa ne ya ba da makulli. Layi biyu ne."

"Kin san ba zai yiwu ba, baƙi suna nan."

"Ranar Alhamis fa?"

Magatakarda ya kalli Farfesa, Farfesa ya kalli hotunan bango. Kowa ya gane ko Alhamis ɗin ba za a rubuta ba. Za a bar maganar ta mutu ne a hankali, mutane su ci gaba da cewa an rufa mata asiri.

Ta buɗe jaka ta fito da tarin makullai, sun fi ashirin, ta ajiye a gaban Farfesa.

"Ga ofis, ga ɗakin jarrabawa, ga banɗakin mata. Na ajiye muƙamin." Sannan ta fito da takardar aro. "Wannan kuwa ba muƙami ya sa hannu ba, ni ce. Takardar ta ce a mayar ranar Talata kafin ƙarfe huɗu. Yau Talata."

Murmushin Farfesa ya gudu. "Ki kira su ki nemi ƙarin kwana ɗaya."

"A'a."

"Kin san me zai faru da Tsangayar Noma gobe?"

"Za a ƙirga madubi biyu, tunda biyu gare su." Ta miƙe. "Dakta, makullin ɗakinku yana hannunka?"

Dakta Kwamiti ya daɗe yana kallon tafinsa. Sai ya rufe littafin taro ya tashi.

"Baba," ta ce da ni, "a taimaka mini da baro."

Oga ya tare ni a bakin ƙofa. Ya ce in na taɓa baron nan, gobe zan tsinci kaina ina gadin ƙofar gonar jami'a, inda babu inuwa babu famfo. Mutum ne mai cika alkawari, daga can nake ba ku labarin nan.

*

Leburori suka ce ba sai an yi zuwa uku ba. Suka kawo baro da katako, muka jera akwati takwas, na riƙe hannun. Malam Kwalba ya ɗauki biyu, Dakta Kwamiti ya rungumi ɗaya a ƙirji tunda tafinsa ba ya riƙo, Mataimakiya ta ɗauki na ƙarshe ta wuce gaba. Da akwai hanyar baya ta gefen katanga. Ba ta bi ba. Ta bi tsakiyar jami'a, daidai lokacin da ake fitowa daga darasi.

Ɗalibai suka tsaya cirko-cirko. Masu shara suka bar tsintsiya. Wanda duk ya tambaya sai ta amsa masa da ƙarfi, ba tare da ta rage tafiya ba: "Daga Tsangayar Noma. Ga Dakta nan, tambaye shi."

A gaban ɗakin karatu muka yi kaciɓis da 'yan tantancewa, su biyar, ana rakiyar su zuwa cin abinci. Shugabansu wani tsoho ne dogo mai littafi a hammata. Ya tsaya, ya ce in ajiye baron. Ya buɗe akwati ɗaya ya ɗago madubin, ya karanta tambarin Tsangayar Noma da ke liƙe a jiki. Gefen takardar ya ɗan tashi. Ya sa farce ya ɓare, ga na Tsangayar Kimiyya a ƙasa. Ya sake ɓarewa, ga na kwalejin kiwon lafiya.

"Kamar na ƙirga waɗannan ranar Juma'a," ya ce.

"Ka ƙirga, ranka ya daɗe. Gobe ma da za ka sake."

"Ke ce wa?"

"Malama ce a Tsangayar Kimiyya. Na aro ne, ni na sa hannu, zan mayar wa masu su. Namu uku ne, ɗaya ba ya gani. Ɗalibi ɗari biyu da arba'in ke layi a kan biyun."

Masu rakiya suka fara tari, ɗaya yana cewa abinci zai huce. Tsohon bai kula su ba. Ya zaro littafin daga hammata ya cire murfin biro.

"Maimaita mini a hankali," ya ce.

Ta waiwaya. Can a baranda ga Farfesa tafe, rabi tafiya rabi gudu, yana ɗaga hannu, Oga na biye da shi yana haki. Ta gyara riƙon akwatin, ta tsaya har ya iso inda zai ji, sannan ta maimaita.